Makunnin Mota: Kuɗin Kaya Ne, Ko Kuɗin Sani?

Shirinmu na musamman yau gareji zai kai mu, wurin mai gyaran wayar mota, wanda aka fi sani da riwaya. Tambayar guda ce, kuma da wuya a sami mai motar da bai taɓa yi wa kansa ita ba. An ce maka makunni ne ya mutu, an yanka maka kuɗi, ka karɓi abin ka ga ɗan mitsitsi ne, roba da ƙarfe kaɗan. To an cuce ka ne, ko kuwa farashin ke nan?

A gurguje, makunnai a mota suna da yawa. Akwai na tayar da inji, inda mukulli ke shiga. Akwai na fitilar burki, da na sigina da waifa a jikin sitiyari, da na gilashin ƙofa. Kuɗin da ake yanka maka kuwa abu uku ne aka dunƙule: kuɗin kaya, kuɗin aiki, da kuɗin gano inda matsalar take. Ku riƙe na ukun nan, don a kansa ake rigima.

Amma bari in ba ku labarin da ya tsaya mini a rai lokacin da nake haɗa wannan shiri.

A watan Maris na 2010, a jihar Jojiya ta Amurka, wata ma'aikaciyar jinya 'yar shekara 29 tana tuƙa motarta ƙirar Chevrolet Cobalt cikin ruwan sama, motar ta ƙwace mata, ta yi karo, ta rasu. Kwanaki kaɗan kafin haka ta kai motar gyara, saboda ta taɓa mutu mata tana cikin tafiya. Aka yi gyaran da bai shafi makunni ba, aka ba ta motarta. Iyayenta suka shiga kotu, lauyansu ya ɗauko wani injiniya daga Fulorida mai suna Mark Hood.

Mutumin nan ya ɗauki makunnin motar, ya yi masa hoto, ya haska shi da na'urar da ke ganin ciki, ya warware shi gunduwa-gunduwa. Sannan ya je wurin dillalin kamfanin General Motors, mai ƙera motar, ya sayo sabo a kan dala 30. Lambar da ke jikin sabon da ta tsohon iri ɗaya ce, ba bambanci ko na ɗigo. Da ya buɗe cikin kuwa, sai ya ga ba ɗaya ba ne. Akwai wani ɗan ƙarfe da sifirin ke turawa, shi ke riƙe mukulli a inda direba ya ajiye shi. Na sabon ya fi na tsohon tsawo da milimita 1.6. Ku sake ji, milimita 1.6, bai kai kaurin tsinken ashana ba.

Bai tsaya nan ba. Ya bi wuraren da ake tara matattun motoci yana sayen tsofaffin makunnai, yana aunawa, yana duba shekarar kowace mota, har ya gano lokacin da aka sauya ɗan ƙarfen. A 2006 aka amince da gyaran, amma ba a canza lambar kayan ba, ba a kuma sanar da masu tsofaffin motoci ba.

Me gajartar ɗan ƙarfen ke jawowa? Idan mukullai sun yi nauyi, ko gwiwar direba ta taɓa su, ko mota ta faɗa rami, sai mukulli ya koma baya zuwa inda rediyo kaɗai ke kamawa. Inji ya mutu. Sitiyari ya yi tauri, burki ya yi nauyi, jakar iska kuma ba za ta buɗe ba in an yi karo. Shawarar da kamfanin ya aika wa dillalansa a 2005 ita ce, wai a gaya wa direbobi su rage tarkacen da suke ratayawa a mukulli. Allah Sarki.

A 2014 aka janye motoci kusan miliyan 2.6. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900. A zaman majalisar dokokin Amurka, 'yar majalisa Diana DeGette ta ɗaga irin makunnin a hannunta, ta ce takardun kamfanin sun nuna ƙarin kuɗin gyaran santi 57 ne. Ko dala ɗaya bai cika ba.

To mu dawo gida. Abin da ya sa na kawo wannan labari, mu yawanci idan aka yanka mana kuɗi, girman kayan muke kallo. Ni kuwa a ganina tambayar farko da ta kamata ita ce: Oga, ta yaya ka san makunnin ne? Don fyus da ya ƙone, ko rile da ya gaji, ko wayar da ta yi tsatsa inda ta haɗu da jikin mota, duk alamarsu ɗaya ce da ta mataccen makunni. Riwayan da ya san aikinsa zai ɗauko 'yar fitilar gwaji ko mita, ya nuna maka wuta ta shiga ta nan, ba ta fita ta can. Wannan ya ci kuɗinsa, ko da minti goma ya yi. Wanda ya ce, “Alhaji, mu canza mu gani,” da aljihunka yake gwaji.

Kuɗin aiki kuma ya danganta da inda makunnin ya ɓuya. Na fitilar burki yana nan saman feda, a motoci da yawa murɗawa ɗaya ake yi ya fito. Amma da yake idan ya mutu a mota otomatik giya kan ƙi fita daga P, mai mota ya riga ya tsorata, yana zaton giyabos ne. A nan marar tsoron Allah ke samun ƙofa. Na sigina kuwa, a wasu motocin sai an cire kan batir, an sauke jakar iska, an zare sitiyari, kuma akwai wata siririyar waya naɗaɗɗiya a bayansa wadda in ta tsinke, hon da jakar iska sun tafi tare. Idan aka caje ka da ɗan tsada a wannan, ba lallai zalunci ba ne.

Na tayar da inji ma a yi hattara. A motoci da yawa ɓangaren lantarkin daban yake da kwaɗon da mukulli ke juyawa. In aka ce sai an canza duka, har da sabon mukulli da haɗa shi da kwamfutar mota, ka tambayi dalili.

Ana ɗaga mini hannu cewa lokaci ya ƙure, don haka sauran a taƙaice. Ka sa a raba maka kuɗin kaya da na aiki. Ka tambaya sabo ne na kwali, ko ɗan Beljiyam. Ka ji farashi da kanka a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka tafi da tsohon a hannu don a gwada bakin soket, kada a dogara da lamba kaɗai. In an gama aiki kuma a miƙo maka wanda aka cire.