Daɓen Katako da Karen Gadi: Jan Kunne ga Masu Gida da Ma'aikata a Sabha

Hausawa da yawa da ke zaune a Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, da harkar gini suke cin abinci: birkiloli, masu sa tayil da kafintoci, ga kuma masu aikin gida. Wani lokaci mai gida kan buƙaci a shimfiɗa masa daɓen katako a falo, wanda ake kira barkiye, alhali yana da karen gadi da ke leƙowa ciki. Ranar da daɓen ya lalace kuwa, ma'aikaci ake fara ɗora wa laifi.

Yawanci faratan kare ake jin tsoro, amma a Sabha rairayi ya fi su ɓarna. Ƙwayarsa ta fi duk wani man sheƙi da ake shafa wa katako tauri. Kare ya kwanta a tsakar gida, ya kwaso shi a tsakanin yatsunsa, ya shigo da gudu ya ja birki a bakin ƙofa. Durƙusa ka dubi wajen da hantsi, za ka ga sirara-siraran layuka sun yi fari, sheƙin ya dushe. In iskar Gibli ta taso daga kudu, ko babu kare ƙura sai ta shigo. Don haka tabarma mai kaushi a kowace ƙofa da shara kullum sun fi tsadar katako amfani. A riƙa kuma yanke wa karen farata; in kana jin ƙarar takunsa a kan daɓe, sun yi tsawo.

Sai bushewar iska. Katako yakan sha danshi ya kumbura, ya rasa shi ya tsuke. Masana na son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, Sabha kuwa ruwan da take samu a shekara ba ya taka kara ya karya, zafin bazara kuma yana haura digiri 40. Katakon da ya sauka ta tashar jiragen ruwa ta Tarabulus ko Misrata ya zo ne da laimar bakin teku. In aka kafa shi ranar da mota ta sauke shi, bayan 'yan watanni sai tsaga ta buɗe tsakanin allo da allo, nan rairayi da gashin kare da fitsari za su taru. A buɗe kwalayen, a bar shi a ɗakin mako guda ko biyu ya saba. A bar 'yar rata kamar santimita 1 a jikin bango. Siraran alluna sun fi masu faɗi jure wannan yanayi, haka ma irin da aka manna shi hawa-hawa, muddin fatar saman ta kai milimita 3 don a iya goge ta a sabunta.

Taurin katako yana da ma'auni, sunansa Janka: ƙarfin da ake buƙata a nutsa rabin wata 'yar ƙwallon ƙarfe a jikinsa. Farin oak yana da 1,360, maple mai tauri 1,450, hickory 1,820, loko na dazukan Afirka ta Yamma 1,260. Yawancin nau'in pine ba su kai 1,000 ba, kada gida mai kare ya kusance su. A zaɓi launi mai haske wanda ba ya ƙyalli, domin baƙi mai sheƙi shi ya fi tona kowane karce.

A yi hattara da 'yan kasuwa. Da yawan abin da ake sayarwa da sunan barkiye garin katako ne da aka matse, aka manna masa hoton itace a sama. Juya allon ka dubi gefensa, nan gaskiya take. Allon garin katakon yana jure karce, musamman mai lambar AC4 ko AC5, amma ruwa na shiga mahaɗarsa sai ya kumbura, kuma ba ya gyaruwa. Mu kuwa mun saba wanke ɗaki da bokiti, a kwarara ruwa a kore shi da tsintsiya. A gaya wa mai aikin gida tun ranar farko: tsumma mai ɗan danshi kawai. Fitsarin kare ma in ya kwana a kan oak, baƙin tabo yake bari wanda ke nutsewa cikin itacen.

Ni dai a ganina, a gari irin Sabha tayil marar santsi ya fi dacewa da duk inda kare ke takawa. Ga sanyi ga sauƙin wankewa, kuma gara ba ta cinsa. Dama galibin gidajen Musulmi a tsakar gida ko bakin ƙofa suke ajiye kare, to a kai katakon ɗakin kwana inda ba ya shiga. In mai gida ya nace sai falo, ma'aikaci ya faɗa masa duk wannan a gaban shaida kafin a fara, a kuma sayi ƙarin kashi 10 cikin ɗari na allunan a ajiye, domin samun launi iri ɗaya bayan shekara biyu ba tabbas.