Albasar Nijar na iso mana Nima, jitarta kuwa sai ta bi ta Amurka

A watan Agustan 2023, duk wanda ya je cefane kasuwar Nima ya ji juyin mulkin Nijar a aljihunsa. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli, ECOWAS ta sa aka rufe iyakoki, manyan motocin albasa suka tsaya cik a hanya, 'yan kasuwar Adjen Kotoku suka yi ta kuka, mai waakye da mai tuwo suka koma ƙirga albasa ɗaya-ɗaya. Wannan labarin kowa ya san shi. Wanda bai iso mana ba shi ne na wasu 'yan Nijar uku da su ma suka maƙale a daidai wannan lokacin, su a Amurka, da kayan kiɗansu.

Mdou Moctar ne da abokan kiɗansa biyu, Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganga. Suna tsakiyar zagayen wasa aka rufe sararin samaniyar ƙasarsu, komawa gida ta gagara, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo ta intanet don kuɗin masauki da abinci. Suna cikin wannan hali, sai suka shiga wani situdiyo a Brooklyn, cikin birnin New York, tare da na huɗunsu, Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bas, suka sake ɗaukar waƙoƙin da suka riga suka gama ɗauka tun kafin juyin mulkin, amma wannan karon babu lantarki a jitar. Ta haka aka samu faifai biyu masu waƙoƙi kusan iri ɗaya: Funeral for Justice da ya fito ran 3 ga Mayun 2024, da Tears of Injustice da ya biyo baya ran 28 ga Fabrairun 2025.

Kamfanin da ya fitar da su, Matador, na New York ne, an kafa shi a 1989, kuma yana cikin manyan gidajen abin da Turawa ke kira indi rok. Wato kiɗan jitar lantarki da ganga wanda kamfanoni masu zaman kansu ke fitarwa, ba manyan ukun nan da suka mamaye kasuwar duniya ba, Universal da Sony da Warner. Gidan su Pavement ne da Yo La Tengo da Interpol. A cikin wannan jeri ne aka sa wani Ba'abzine Musulmi mai rawani, kuma a 2024 ya hau dandalin bikin Coachella a Kalifoniya. Na sa faifan a wani bes da nake zama a Maamobi, ana cikin dafa ataya. Babu wanda ya san sunan. Wani ya ɗauka Larabawa ne, wani ya ce a rage ƙara.

To, abin da ya sa na ga ya dace mu san shi a zango shi ne, hanyar mutumin nan ta ƙasar Hausa ta bi.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa, jihar da Galmi take, garin da albasarmu ta samo suna. Gidansu gidan addini ne, ba sa son kiɗa, shi ya sa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma duk wanda ya taso da waƙoƙin finafinan Kano zai gane salon nan take: gangar kwamfuta, da muryar da na'ura ta lanƙwasa har ta koma kamar ta aljani. Faifan bai shiga shago ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta Bluetooth da katin memori, kamar yadda mu ma muka riƙa tura wa juna waƙoƙi a wancan zamanin. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a Portland, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, Tahoultine, ya sa ta a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya shiga neman mai ita har ya same shi. Shi dai wannan Kirkley ɗin ne ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, don kunnen Turawa.

Funeral for Justice kwana biyar aka yi ana ɗaukarsa a wani gida a jihar New York, kuma ana jin gaggawar a jikinsa. Ba ya sallama. Daga bugun farko jitar ta fara ihu, gangar Souleymane kuma tana sukuwa kamar dokin da aka saki a hawan Sallah, tana ƙara sauri tana ƙarawa har ka ce yanzu za su watse, amma ba sa watsewa. A kunnena ganga ce sirrin faifan, ba jitar da 'yan jaridar Turai ke ta kamanta wa da ta Jimi Hendrix ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban masu kalangu ranar biki, ya ga yadda suke ɗaga kiɗa a hankali har mata su fara zuba kuɗi, ya san wannan dabarar. Turawa na jin ta sabuwa ce. Mu mun girma a cikinta.

Aibinsa ɗaya, in har aibi ne: ba ya ba kunne hutu. Afrique Victime na 2021, faifansu na farko a Matador, ya fi shi numfashi, akwai waƙoƙin soyayya da na kewar gida a tsakani. Wannan kuwa fushi ne kusan daga farko har ƙarshe. Oh France tana tuhumar tsohuwar uwargijiyar mulkin mallaka, ƙasar da ta shafe shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu. An rubuta ta tun sojojin Faransa na nan, kafin su tattara su fice a Disambar 2023. Shi Mdou ya bayyana cewa ba ya goyon bayan juyin mulkin, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Da yawa a cikinmu nan ma muke tsaye, sai dai ba mu iya faɗa da jita ba.

Waƙar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Imouhar. Kira ne ga Abzinawa kada su bar harshensu, Tamashek, ya mutu a bakin 'ya'yansu. Ban iya harshen ba, sai da na karanta ma'anarta, amma da na gane abin da take cewa sai na tuna yaranmu na Kanda da Nima da Newtown, waɗanda za ka yi musu magana da Hausa su amsa maka da Turanci ko Twi. Akwai kuma wani abin da ya kamata mu Hausawa mu ji da kunnen basira. A 2025 gwamnatin sojan Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muka yi murna a nan, kuma murnar na da hujja. Amma a Agadas da Tawa Hausa ce babban harshen kasuwa, ita ce mai ƙarfi a gaban Tamashek, kamar yadda Twi take a gabanmu a Ankara. A can mu ne kifin da ke haɗiye ƙanana.

Tears of Injustice shi ne wanda zan ba dattijo. Waƙoƙin nan dai ne, amma da jitar katako da tafi da ganga mai taushi, kamar ana zaune a tabarma bayan isha'i. Fushin ya koma baƙin ciki. Mutanen da ba su san ranar da za su ga iyalinsu ba ne suka yi shi, kuma ana jin hakan. Wasu masu sharhi sun ɗauke shi ƙari ne kawai a kan na farko. Ni ban yarda ba. In aka ce in zaɓi ɗaya in riƙe, shi zan riƙe, don a nan ne muryar mutumin ke fitowa fili ba tare da ta yi kokawa da lasifika ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Etran de L'Aïr 'yan uwa ne daga Agadas da suka fara tun 1995, kuma asalin sana'arsu kiɗan biki: aure, suna, taron siyasa. Faifansu na 2024, 100% Sahara Guitar, daga Sahel Sounds ya fito, kuma babu wani dogon tunani a cikinsa, rawa ce zalla, jita uku na bin juna kamar yara a fili. Wanda ya ce kiɗan Mdou ya yi masa nauyi, ya fara da su. Sai Tal National na Yamai, waɗanda suka fi kusa da mu, don suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. Jagoransu Hamadal Issoufou Moumine, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙali da rana, kiɗa da dare. Kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018. Wallahi in aka sa Kaani a bikin Zabarmawa a nan Ankara, babu mai tambayar ko rok ne ko ba rok ba, tashi kawai za a yi.

Tambayar da ta fi damuna ita ce, me ya sa Agadas, garin da bai kai rabin rabin Ankara ba, ke fitar da ƙungiyoyin jita ɗaya bayan ɗaya, mu kuma zangunanmu, da duk baiwar da ke ciki, ba mu da ko ɗaya da ta yi suna?

Ba rashin mawaƙa ba ne. VIP daga Nima suka fito, Ahomka Womu ta girgiza ƙasar nan a 2003. Black Sherif ɗan zangon Konongo ne, ya ci kambun gwarzon mawaƙin Gana a 2023, kuma Iron Boy da ya fitar a Afrilun 2025 ya nuna bai gaji ba. Amma duk waɗannan masu makirufo ne, kiɗansu a kwamfuta ake haɗa shi. Masu riƙe kayan kiɗa su ne babu, kuma wannan yana da tarihi. Gana ta taɓa zama ƙasar ƙungiyoyin kiɗa. Osibisa, wadda marigayi Teddy Osei ya jagoranta, ta haɗa hailaif da rok a Landan tun 1969, kuma ran 6 ga Maris 1971 Santana da Wilson Pickett sun yi wasa a dandalin Black Star. Sai dokar hana fitar dare ta zamanin Rawlings, daga 1982 zuwa 1984, ta kashe gidajen rawa, aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Makaɗa da yawa suka bar ƙasar, saura suka fake a coci. Tun daga lokacin coci ta zama makarantar mai ganga da mai jita a Gana: a can yaro ke samun kayan da zai taɓa kyauta, da mai koya masa, da jama'ar da za su saurare shi kowace Lahadi.

Yaron zango ba shi da wannan ƙofar, kuma ba wanda ke cewa ya kamata ya same ta a masallaci. Maganar hukuncin kiɗa tsohuwa ce a tsakanin malamai, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, ba kuma a shafin jarida za a raba gardamar ba. Abin da nake nunawa shi ne, a Agadas, garin Musulmi mai tsohon masallacin ƙasa da duniya ta sani, biki ne ya zama makarantar. Mai aurar da 'ya yana ɗauko ƙungiya ya biya ta, ƙanen mai jita yana ɗaukar lasifika yau, gobe a ba shi ganga, jibi ya kafa tasa. Mu kuwa bikinmu ya koma hannun DJ da kwamfutarsa. Ya fi araha, gaskiya ne, kuma zai sa maka Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Shatta Wale a jere ba tare da ya gaji ba. Amma kuɗin da muke liƙi ba ya koya wa kowa sana'a. Hatta masu kalangu da gangar gargajiya, da su ne ƙashin bayan kowane biki a zango, yanzu sau da yawa ɗan lokaci kaɗan ake ba su kafin a kunna na'ura.

Kuma kada a ce kasuwar waje ba ta son namu. King Ayisoba, da kologonsa mai tsirkiya biyu, ɗan uwan gurminmu, ya fitar da 1000 Can Die a 2017 da Work Hard a 2023 ta kamfanin Glitterbeat na Turai, yana aiki da Arnold de Boer na ƙungiyar The Ex ta Holan. Masu sayen faifansa su ne dai masu sayen na Mdou Moctar. Abin da suke nema shi ne hannu a kan tsirkiya da harshen da mutum ya sha a nono, abu biyun da muke da su muke kuma sakaci da su.

A bes ɗin nan na Maamobi, bayan an ce in rage ƙara, na canza zuwa Tears of Injustice. Ba wanda ya ce komai, aka ci gaba da hirar ƙwallo. Sai da aka zo zagaye na uku na ataya wani tsoho mai gadi, mutumin Nijar da ya daɗe a unguwar, wanda ban taɓa jin ya sa baki a hirarmu ba, ya matso da kujerarsa kusa da wayar. Ya saurara har waƙar ta ƙare, sannan ya ce in mayar da ita farko.