Maganin ƙurajen fuska: mai ciki, hattara!

Jama'ar Damargu, daga Tanut har Belbeji, ga gargaɗi.

Akwai magungunan fata da ake kira retinoyid, dangin bitamin A. Suna kawar da ƙurajen fuska masu taurin kai. Wani shafawa ake yi da dare. Wani ƙwaya ne, isotiretinoyin, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1982.

Ƙwayar nan tana nakasa jariri tun yana ciki: kunne, zuciya da ƙwaƙwalwa. Mai ciki kada ta sha, kada ta shafa. Wadda ta daina sha ta jira aƙalla wata 1 kafin ta ɗauki ciki.

Kada ku saya wajen masu talla ran kasuwa. Kada ku ba maƙwabciya ragowar. Ku tafi likita, lokotoro ya duba ku tukuna.