Manoman tumatir, ku daina yi wa sharon aure

Duk wanda ya noma tumatir a Ikara ko Kudan a 2016 bai manta da sharon ba, tsutsar nan da ke shigewa cikin ganye ta cinye shi ta ciki. A watan Mayun shekarar sai da gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci kan tumatir. Asalin tsutsar Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, sannan ta ratso Afirka. Har gobe kukan manoma ɗaya ne, wai magani ya zama jabu. Akwai jabu kam, amma yawancin ɓarnar daga hannun mai feshi take.

Mutum zai sayi kwalba uku a kasuwa, ya ɗebi rabin murfi daga kowace, ya dama a tanki ɗaya, wai shi mai dabara. Babu wadda ta kai awon da aka rubuta. Raunanan tsutsotsi su mutu, masu ɗan tauri su tsira: wannan ta jure maganin farko, waccan ta jure na biyu. Da sun zama malam-buɗe-littafi sai su yi barbara, kuma a nan ne ƙwayoyin halitta ke cakuɗuwa, a samu ɗa guda da ya gaji taurin uwa ya haɗa da na uba. Inda babu barbara babu wannan cakuɗar: raken Makarfi da ake dasawa da gaɓa yana fitowa ne sak uwarsa, shekara da shekaru bai sauya ba. Sharon kuwa kusan kowane wata sai ta yi sabon zubi, mace ɗaya na iya zuba ƙwai sama da 200. Juriyar da sai an daɗe kafin ta taru a jiki ɗaya, kai da kuɗinka ka haɗa musu ita kafin rani ya ƙare.

Wani abin haushin, sai a sauya sunan kwalba a ce an sauya magani, alhali sinadarin ciki ɗaya ne. Malam, karanta takardar jikin kwalbar, in ba ka iya ba ka kai wa malamin gona. Riƙe magani guda a cikakken awonsa na kamar wata ɗaya, sannan ka koma wani da ke kisa ta wata hanya dabam. In ka gama tsinka, tuge tsohuwar shukar ka ƙone ta, domin a cikinta tsutsotsin suke fakewa su jira dashen maƙwabcinka.