Kwarkwaron Fatsa da Maƙeran Kwarin Rima

An kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, a kan kogin Rima, da nufin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Noman rani da ruwan shan birnin Sakkwato aka gina ta dominsu, amma masunta ma sun sami rabonsu. Daga bakin tafkin, a bi kogin ya wuce ta Wurno, garin ribaɗin da aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, a ƙetara zuwa Rabah ta gaɓar kogin Sakkwato, ko'ina akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai an kamo tarwaɗa, ko karfasa, ko ƙurungu.

Kayan aikin waɗannan bayin Allah sanannu ne: birgi da kalli da taru, koma da gora, gura da mamari, sai zago na sukar babban kifi. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne kusan kowannensu yana da ɗan ƙarfen da in babu shi aiki ya tsaya. Birgi ba ya nutsewa sai da dalma a bakinsa. Mamari igiya ce kawai in an cire ƙugiyoyinta. A da, duk wannan maƙerin gari ne ke yin sa, da zuga-zuginsa da gawayin ƙirya da magagari. In ƙugiya ta miƙe ko kan zago ya karye, kafin la'asar an ƙera wani.

Yau lissafin ya sauya. Tun 1877 kamfanin Mustad na ƙasar Norwe ya fara buga ƙugiya da inji, kuma zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, ya kori zaren auduga da na rama daga ragar masunta. Babu mai musun cewa sauƙi ya samu. Sai dai kayan da ake shigowa da su, daga injin jirgi har injin ban ruwa, in wani ɗan abu ya lalace a cikinsu, sau da yawa sai an nufi Sakkwato ko Kano neman madadinsa, in ba a samu ba a jingine injin a zaure.

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa ba ce kaɗai, kuma yadda masu fatsa a Turai da Amurka suka yi da ita abin dubawa ne. Su suna ɗaura wa sandar fatsa wata 'yar na'ura mai hannu da ke naɗe zare. Wani mai masaƙa a Bradford ta Ingila, Alfred Holden Illingworth, shi ya yi rajistar irin wadda kwarkwaronta ba ya juyawa lokacin jifa, a 1905. Zaren yana warwarowa ne ta bakin kwarkwaron, kamar yadda yake fita daga na cikin ƙoshiyar masaƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Mitchell 300, da ake ƙerawa a garin Cluses na Faransa, ta bazu a duniya, an sayar da miliyoyinta. Daga baya kamfanin ABU na Suwidin ya fito da tasa mai suna Cardinal.

Jikin waɗannan na'urori ƙarfe ne mai ƙwari, har gobe jikoki na aiki da na kakanninsu. Rauninsu yana wuri guda. Da yawa daga cikinsu, musamman Cardinal, kwarkwaronsu na roba ne. Nailan kuwa yana miƙewa in kifi ya ja, a naɗe shi a miƙe, sannan ya yi ta ƙoƙarin komawa yadda yake, yana matsar kwarkwaron dare da rana. Ga rana tana gasa robar shekara da shekaru. Wata rana sai ya tsage, zare ya tarwatse, kamfanin kuma ya daɗe da daina yin irinsa. A nan ne wasu masu ƙananan shaguna suka ga abinci. Sukan auna tsohon kwarkwaro daki-daki, su ɗora sandar alminiyam a kan injin fira, wanda ke juya ƙarfe ana fere shi, su fitar da sabo wanda ya fi na asali ƙarko, su sayar ta intanet.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Ramin tsakiya dole ya zauna daram a kan sandar na'urar, in ya yi sako-sako zare ya taru gefe guda. Gurbin da faya-fayen birki ke zama dole zurfinsa ya yi daidai, domin su ne ke sakin zare a hankali in giwan ruwa ya fizga. Leɓen kwarkwaron kuma sai an goge shi sumul, don ƙaramin kaushi ya isa ya tsinke zare a tsakiyar kokawa da kifi.

Gaskiya ne ba kasafai ake ganin irin wannan na'ura a hannun masuncin Goronyo ko Wurno ba, domin mai neman abin kai wa kasuwa raga ta fi masa. Amma darasin sana'ar ya shafe su kai tsaye, kuma rabin gwanintar tana nan a gida. Masu zubin tukwane a kasuwannin Arewa sun daɗe suna narka tsohon alminiyam, wanda ke narkewa a zafin digiri 660, suna zuba shi a gurbin yashi. Dalma ta fi sauƙi, a digiri 327 take narkewa, shi ya sa masunci kan narka abarsa a gwangwani. Wannan dai abin a yi hattara ne ƙwarai. Dalma guba ce, ita ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya, don haka bai kamata a narka ta a tsakar gida kusa da yara da kwanukan abinci ba.

Abin da ya rage shi ne awo da injin fira. Zubin yashi yakan bar ƙananan ramuka da kaushi, ba ya isa ga abin da ke bukatar daidaito na ƙasa da milimita. Ɗan maƙeri da ya tashi yana gane zafin ƙarfe daga launinsa ba zai sha wuyar koyon karanta ma'auni ba, in ya sami mai koya masa da injin da zai taɓa da hannunsa.

Jihar Sakkwato tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a irin ta Farfaru, ga kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ke kula da madatsar. Ya dace su haɗa kai da sarakunan ruwa da sarakunan maƙera na ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah, a ɗebi 'ya'yan maƙera a koya musu awo da fira, a kuma kafa ko da shago ɗaya mai inji da wutar sola a Goronyo, inda masunci da manomin rani za su kai abin da ya karye a yi musu sabo.