Daga Lungun Nima Zuwa Kunnen Alabar: Farkon VIP

Yau shirin namu zai hau mota daga Kumasi zuwa Nima, zangon ’yan’uwanmu da ke Accra, mu waiwayi samarin da suka kafa ƙungiyar VIP.

A shekarun 1990, yaron zango da ya ce zai yi waƙar zamani, a gida ma sai an yi masa kallon ɗan iska, balle a gari. A haka Friction, ɗan Nima, ya tara abokansa: Promzy, Prodigal, Lazzy da Bone. Ba kamfani, ba uban gida mai kuɗi. Dandalinsu bakin titi ne da wuraren bukin unguwa, ’yan kallonsu kuwa masu shayi, ’yan ƙwallo da yaran da suka tsere wa aike. Har karen Friction, mai suna Chicago, suna lissafa shi cikin ƙungiya, duk inda suka sa ƙafa yana biye.

Lokacin kiɗan hiplife, salon da suka ɗauka, jariri ne. A 1997 Reggie Rockstone ya fitar da Makaa Maka, ya nuna ana iya wannan salo da Twi. Shekara ta zagayo, a 1998, VIP suka fito da kundinsu na farko, Bibi Baa O, suka cusa Hausa a tsakanin Twi da Turanci.

Nan ne abin ya taɓa ni. Ban manta ranar da na fara jin waƙarsu Rana Sallah a shagon wani mai kaset nan Alabar ta Kumasi ba. Lasifikar tana ƙara, tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke, wata uwa mai koko ta ajiye ludayi tana tambaya, “Waɗannan ’ya’yan wa ne?” Hausarmu ce ta zango, yadda muke yin ta a ƙofar gida, ba wanda ya wanke mata fuska kafin a kai ta rediyo.

Daga baya Friction da Bone suka kama gabansu, ukun da suka rage suka fitar da Ahomka Womu a 2003, suka lashe kyautar gwarzon shekara ta mawaƙan Ghana a 2004.

Wanda yake da tsohon kaset ɗin nan a ƙasan adaka, don Allah ya kira mu, layinmu a buɗe yake. Kafin nan, ga Rana Sallah.