Lissafin Kasuwar Maigatari a Hoto Guda

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirinmu na musamman ya yada zango a Maigatari, bakin iyakar Jigawa da jihar Damagaram ta Nijar. Duk ranar Alhamis kara kan cika maƙil da shanu, raƙuma, tumaki da awaki. Ga yankin ciniki maras shinge da hukumar NEPZA ta ba lasisi, ga riɗi da zoɓo daga Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar. Malaman kasuwa suna rubuta abin da ya shigo, sai dai wa ke da lokacin bin shafi ɗari yana tarawa?

Tun a 1786 William Playfair, ɗan Sikotland, ya samo mafita. Ya zana cinikin ƙasarsa da wasu ƙasashe da sanduna: babban ciniki doguwar sanda, ƙarami gajeriya. Yau kwamfuta ce ke wannan zane.

Ga yadda ake yi. Ka buɗe fayil na rubutu zalla, kowane layi kaya ɗaya: shanu, waƙafi, adadinsu. Layi na gaba tumaki, waƙafi, adadinsu. Sai ka rubuta 'yan umarni da yaren Python: buɗe fayil, karanta layi-layi, raba kowanne a kan waƙafi, mayar da adadin lamba, domin kwamfuta rubutu take ɗaukarsa da farko. Daga nan manhajar Matplotlib, wadda kyauta ce, ta miƙar da sandunan. Mako mai zuwa fayil kawai za ka sabunta.

Amma a kula, jama'a. In ka rubuta "tumaki" a sama, "tumakai" a ƙasa, kwamfuta dabbobi iri biyu za ta ƙirga. Kada a haɗa buhu da tiya a ma'auni ɗaya. Sanduna kuma su tashi daga sifili. In suka tashi daga 400, shanu 500 za su yi kamar sun ninka 450, hoton ya yi ƙarya ke nan.

Ɗalibanmu na Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga aiki a ƙofar gida. Ku nemi izinin sarkin kasuwa, ku kwafi lissafin wata uku, ku zana, ku kai wa dillalai da fatake su ga makon da kaya suka fi shigowa.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.